Ba da Sunan Nafeesa Ba

Kurudu, Abuja.
Ranar Asabar, bayan la'asar.

Zuwa ga Tawfiq, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan farkon damina da ke sauka a ƙasar da ta gaji da jira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda idonta ya daɗe bai gan ka ba. Yaya sanyin Masar? Yaya jikin Alhaji, mahaifinka? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne. Abokinka Farouk zai koma makaranta can Masar cikin makon nan, shi na roƙa ya kawo maka wannan takarda hannu da hannu. Ka karanta ta kai kaɗai.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har kai. Tun shekarar da kuka dawo Kurudu, duk sallar da na yi, idan na kai sujadar ƙarshe sai na ƙara roƙo guda: Allah ya sa ni cikin mutanen gidanku. Ban taɓa furta shi da ƙarfi ba, don ko ni kaina kunyarsa nake ji. To ga shi yanzu an buɗe mini ƙofar gidan naku. Unguwa duk tana taya ni murna. Ni kuwa da na ga yadda aka buɗe ta, sai na kasa shiga.

Ka san maganar, amma ka san ta ne daga can nesa. Bari in faɗa maka yadda ta same ni a nan, don a waya ba na iyawa. Idan ka kira a lemar Anti Christina mai sana'ar kiran waya, tana zaune a gefena tana kallon bakina, mutane na tsaye a bayana suna jiran layi, sai duk abin da na tanada ya gudu, in ce maka lafiya lau kawai.

Ban ga laifin Alhaji da ya zaɓi tafiya ba. Mutum ya ƙare ƙarfinsa a ma'aikatar gwamnati, aka sayar da gidan da kuka girma a ciki a Garki, kuka tattaro zuwa nan bayan gari. Nan ɗin ma mai gida ya ce ƙasa ta yi daraja, haya ta ƙaru, kuma ta shekara biyu yake so a dunƙule. Ga wankin ƙoda da ba ya jira. Da aka ce masa a Masar magani da zama duk sun fi sauƙi, wa zai ce kada ya je? Ka bi shi don ka riƙe masa hannu, ka nemo muku gida, ka shiga makaranta. Hajiya ta tsaya sayar da kaya kafin ta biyo ku. Ta ce a can za ta riƙa tuƙa tuwo tana sayar wa ɗalibanmu da masu jinya, kuma ba za ta iya ba sai da hannuna, tunda tun da na bar firamare a madafarta nake. Ranar da ta faɗa mini, wallahi na yi murna. Na koma gida ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai ejan da ke yi mata takardu ya ce 'yar maƙwabci wuyar biza gare ta, amma 'yar cikin gida ba ta da matsala. Ya tambaya ko akwai wata takardar haihuwa a ajiye. Hajiya ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ta Nafeesa, ƙanwarka da Allah ya karɓa tana ƙarama. Aka duba aka ga da tana raye da sa'ata ce, shekara sha bakwai. Ejan ya ce shi ke nan, an gama.

Ba ka nan ranar da ya zo koya mini amsa. An aika aka kira Babana daga lambu. Ya zo da laka a ƙafa, ya ƙi hawa kujerar Hajiya, ya tsuguna a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ejan ya zauna ya ɗora jakarsa a cinya, ya ce in tsaya a gabansa kamar a ofis nake. Ya tambayi sunana, na ce Nafeesa Badaru. Ya tambayi inda aka haife ni, na ce Garki. Sai ya ce, "Waye babanki?"

Na duba bakin ƙofa. Baba yana kallon yatsun ƙafarsa. Na ce Alhaji Badaru, amma muryar ba ta fita ba. Ejan ya ce, "Ɗaga murya, yarinya, a can ba a sayen kunya." Na ɗaga, na sake faɗa. Baba ya ce madalla, ta iya. Ya miƙe ya ce bari ya koma, ya bar ruwa yana zuba a lambu. Kai ka san lambun Baba. Wane ruwa ne yake zuba a can? Da bokiti yake ɗebowa daga rafi.

Bai taɓa ce mini kada in je ba. Da Hajiya ta nemi izininsa cewa ya yi, wanda ya ce zai riƙe maka ɗa ai ya gama maka komai. Amma tun daga ranar ya daina cinye tuwonsa, kuma idan zai kira ni sai ya ɗan tsaya tukuna, kamar mai neman izini.

Hajiya ta ce a fara kirana Nafeesa tun yanzu don kunnena ya saba. Da farko idan ta kira ba na waiwayowa, sai ta yi dariya ta ce ka ji 'yar nema. Yanzu ina waiwayowa. Yaran unguwa sun ɗauka. Anti Christina ma idan na zo wucewa sai ta ce, "Madam Kairo, in kin je ki aiko mini da Balarabe, ko mai ƙafa ɗaya ne zan yi maneji." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Shekaranjiya Hajiya ta ɗauko wasu 'yan kunne ƙanana daga ƙasan akwati ta sa mini da hannunta. Ta riƙe fuskata ta ce Allah ya karɓa, Allah ya mayar. Idonta ya cika. Ta yaya zan dubi matar da ta koya mini girki, ta zauna da ni ranar da Innata ta rasu, in ce mata ba na so?

Na gaji, Tawfiq. Kada ka zaci ban so zuwa ba. Na gaji da sammakon bin masu kurar ruwa. Na gaji da hayaƙin itace da ke sa ni kuka ba a yi mini komai ba. Na gaji da duba bangon ɗakinmu kowace safiya ko an shafa masa jan fentin masu rusau, don tun da aka rushe mana a Idu zuciyata ba ta sake yarda da bango ba. Garin nan kullum gina shi ake yi, benaye na tsirowa kamar masara a damina, amma duk wanda aka gina sai a ƙara tura mu baya. Idan na hau tudun bayan lambu na hango fitilun cikin gari, sai in ga kamar bikin wasu ne muke leƙe ta katanga.

Kai kuma sai ka kira ka ce a can wuta ba ta ɗaukewa. Ka ce famfo a cikin ɗaki yake, ka murɗa ya zubo. Ka ce da 'yan canjin aljihu kake sayo gurasar da za ta ishe ku yini, tana da zafi, a kan faifan katako. Ka ce mai gida wata-wata yake karɓar haya, har ya tambayi jikin Alhaji. Ka ce akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari da taragon mata daban, kuma idan lokacin salla ya yi kira yana tashi ta ko'ina kamar tsuntsaye sun tashi daga bishiya ɗaya. Duk na haddace. Ina wanke-wanke ina murɗa wannan famfon a zuciyata. Kuma ko da babu famfo, babu gurasa, ai kana can. Ko cewa aka yi a tsakiyar rairayi kake zaune babu inuwa, da na ɗaura zanena na biyo ka.

Ka ce mini takarda ce kawai. Ka ce ni da kai mun san gaskiya, Allah ma ya sani. Na yi ta juya maganar nan kamar yadda ake juya waina, ba ta nuna ba. A Kurudu takarda ce kawai, don ko jariri ya san ni Mariya ce 'yar Mato mai alayyahu. A can wa ya san Mato? Mai gidanku zai san ni a ƙanwarka. Mai gadin bene zai san ni a ƙanwarka. Ɗaliban da za su riƙa zuwa sayen tuwo, waɗanda ka ce ko tari mutum ya yi da safe kafin azahar duk sun ji, za su san ni a ƙanwarka. Zan zuba maka abinci a gabansu in sunkuyar da kai, su ce kai, ƙanwar Tawfiq akwai tarbiyya. Wata rana ɗaya daga cikinsu, wataƙila ma wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya, zai ja ka gefe ya ce yana son ƙanwarka. Me za ka ce masa, hasken raina? Ni kuma ina zan sa kaina?

In kuma lokacin da muke fata ya zo, wa zai ba da ni? Alhaji zai zauna a gaban jama'a ya ba ɗansa 'yarsa? Ko sai a lokacin za mu ce wa mutane duk shekarun nan ƙarya muke yi? Hajiya ba wasa take yi da sunan nan ba. Ni na ga idonta. Idan na zauna shekara uku a ɗakinta tana kirana Nafeesa, ranar da ka zo mata da maganata za ta ji kamar an sake ɗauke mata 'ya, kuma ɗanta ne ya ɗauke. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san abin da aka daɗe ana faɗa shi yake zama gaskiyar gida.

Ka tuna ranar yazawa? Ba ku daɗe da dawowa ba, kujerunku na Garki ma suna tsakar gida don sun ƙi shiga ƙofa. Hajiya ta aiko ka lambu sayen alayyahu, ka zo da farar riga mai guga kamar za ka ɗaurin aure. Baba ya tafi masallaci, ni kaɗai ce. Ka yi sallama na kasa amsawa, na ɓuya a bayan bishiyar yazawa ina yi kamar ina tsintar wani abu. Ka tsinko guda ja ka kai baki. A lokacin ne bakina ya buɗe da kansa, na ce maka ruwanta ba ya fita daga tufa. Ka dube ni, ka dubi rigar, ya riga ya ɗiga. Ka ce to tunda ta ɓaci bari ka more, ka tsinko ta biyu. Na yi dariya har na manta ban rufe bakina da mayafi ba. Ita ce maganar farko da na taɓa yi maka. Daga baya na ga ba ka daina sa rigar ba, da tabonta a ƙirji, Hajiya tana faɗa kana cewa ita ta fi maka daɗi.

Tun daga ranar, ya ɗanyen ganyen zuciyata, alayyahun gidanku ya riƙa ƙarewa da wuri. Kai kake zuwa saye, ko ba a aike ka ba. Ka zauna a kan dutsen bakin rafi kana karanta mini jaridar da aka naɗe tumatir da ita, kana sa ni maimaitawa. Ba ka taɓa yi mini dariya ba idan na yi tuntuɓe. Ba ka taɓa matsowa kusa fiye da yadda ya kamata ba. Muryarka kamar iskar da ke riga hadari isowa, wadda idan ta taɓa mutum sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya lumshe ido. Yanzu dutsen yana nan, rafin yana nan, yazawa ta sake yin fure, ni ce kawai nake wucewa ba na dubawa. Wayyo, ashe haka nisa yake cin mutum a hankali, kamar gara a cikin azara!

Ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar ruwa a tsakiyar rani. Wani lokaci jirgi ya wuce ta saman Kurudu, sai in tsaya da tsintsiya a hannu har ya ɓace. Amma idan na zo a yadda aka shirya, zan gan ka safe da yamma, in wanke maka kwano, in ji takunka a kan matakala, kuma ka fi yi mini nisa fiye da yanzu. Yanzu teku da hamada ne a tsakaninmu, jirgi yana ƙetare su. Wancan nisan kuwa ban san abin da ke ƙetare shi ba.

Roƙona biyu ne. Na farko, kada ka yi fushi da ni, kada ka ce ban yarda da kai ba. Na yarda da kai fiye da yadda na yarda da ƙasar da nake takawa. Na biyu ya fi nauyi: ka faɗa wa Hajiya gaskiyar abin da ke tsakaninmu. Kai ɗanta ne, daga bakinka ya kamata ta ji. Ba na ce gobe a yi wani abu ba. Ni yarinya ce, kai ma karatu ka fara, ga Alhaji a kwance. So nake kawai ta san dalili, kada ta ɗauka butulci ne, kada ta zaci na raina sunan 'yarta. Ka yi karatunka. Ka kula da Alhaji, ka hana shi gishiri ko zai yi faɗa. Ranar da ka shirya, ka turo manyanka wurin Babana a lambu. Zai shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin bishiya, ya amsa da bakinsa.

Kada ka damu da yadda zan zauna. Anti Christina ta daɗe tana cewa in zo ta koya mini keken ɗinki, tana da guda a bayan shago da ba mai hawa. Akwai kuma ajin yamma da aka buɗe wa mata a makarantar firamare. Hajiya ma ba zan bar ta hannu sake ba. Na daka mata kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, na shanya daddawa na ƙulle yadda ba za ta yi wari a jirgi ba, abin da zai kai ta watanni. Yaji mai yawan citta na wurinka ne, na ɗaure bakinsa da jan zare.

Jibi Litinin aka sa za a kai ni ɗaukar hoto da zanen yatsu na fasfo. Ejan ya ce daga ranar an rufe magana, sunan ya zauna har abada. A zuwansa na ƙarshe, da zai tafi, ya ja mini kunne a kan abu guda: kada in kuskura in sa lalle, don na'urar ba ta karɓar yatsan da ya sha lalle, sai an jira ya goge.

Yau da hantsi na je bayan lambu na tsinko ganyen lalle. Na daka shi da kaina, na matsa lemon tsami, na bar shi ya jiƙu. Na ƙunsa hannun hagu har wuyan hannu, na cika kan kowane yatsa. Da na zo na dama na rasa yadda zan ɗaure, ina ta fama da leda da haƙori. Sai ga Baba ya dawo da bokitinsa. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi kwanon. Yana nan ranar da ejan ya yi gargaɗin, ya ji da kunnensa. Ya ajiye bokitin, ya wanke hannunsa, ya tsuguna ya shafa mini a sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ledar da kyau. Da ya gama ya ce, "Ki bar shi ya kama sosai, Mariya."

Ya kama. Da waɗannan yatsun nake rubuta maka, sun yi ja har sun koma baƙi. Idan ya fara gogewa zan sake. Da na rufe takardar nan zan ɗauki ƙullin kukar in kai wa Hajiya, kuma ba zan ɓoye hannuna a cikin hijabi ba. Bakina ba zai iya ba, amma ita mace ce, idan ta gani za ta gane. Abin da za ta ce ban sani ba. Amma ban ji ina son in fasa ba.

Zan jira ka a nan, farin watana, ko damina nawa za ta zo ta wuce. Ba zan saurari kowa ba, ba zan karɓi ko goron kowa ba. In an sake tura mu gaba, ka tambayi masu sayar da ganye a kasuwar Karu, za su nuna maka inda muka koma. Zuciyata kuwa ba ta da wurin komawa, tana wurinka, kuma a nan za ta tsufa.

Taka har ƙarshen numfashi,
Mariya Mato.